Kujerun silima masu motsi: a gyara daɓe kafin a sayo na'ura

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini domin mu ja hankalin masu sha'awar gina gidan silima ko babban ɗakin kallo, musamman waɗanda kujerun nan masu motsi suka shiga ransu, irin waɗanda ke ɗaga mai kallo su girgiza shi daidai da abin da ke faruwa a allo. Aikinmu zanen gini da harhaɗa na'ura ne, kuma abin da ke damunmu shi ne yadda ake fara maganar daga ƙarshenta. Sai a tambayi farashin kujera da inda za a yi odarta, ba a tambayi daɓen da za ta zauna a kai ba. Alhali kujerar da ke motsi, in an ɗora ta a ɗakin da ba a lissafa layin gani ba, kuɗi ne aka kashe don mutum ya riƙa kallon ƙeyar na gabansa tana hawa tana sauka.

Manyan kamfanonin da aka fi sani a wannan harka uku ne. Akwai 4DX na kamfanin CJ da ke Koriya ta Kudu, wanda ya fara a birnin Seoul a 2009, yana ɗora kujeru huɗu a kan gindi ɗaya, ya haɗa da iska da feshin ruwa da hazo da ƙamshi. Akwai D-BOX na lardin Kebek a Kanada, shi ma ya shiga gidajen silima a 2009, amma kowace kujera zaman kanta take, kuma mai zama yana da maɓallin rage ƙarfin motsin ko kashe shi gaba ɗaya. Sai MX4D na kamfanin MediaMation a jihar Kalifoniya ta Amurka, wanda da matsattsiyar iska yake aiki. A riƙe wannan bambanci na kujerar da ake iya kashewa ita kaɗai, domin zai dawo mana a lissafi.

Mu fara da gani. Baligi in ya zauna, idonsa yana kusan mita 1.15 daga ƙasa, kuma daga ido zuwa tsakar kai akwai wajen santimita 12. Ka'idar ita ce layin da ya tashi daga idon na baya zuwa gindin hoton da ke allo ya wuce ta saman kan na gaba. Wani injiniya ɗan Sikotilan, John Scott Russell, ya bayyana wannan tun 1838, kuma har yau lissafinsa ake bi. Ga yadda ake yi: a auna tsayin idon sahun gaba daga gindin hoto (in idon yana ƙasa da gindin hoton, lambar ta ragi ce), a ƙara masa rarar da ake so tsakanin wannan ido da layin ganin na baya, a ninka da nisan sahun baya daga allo, a raba da nisan sahun gaba. Abin da ya fito shi ne inda idon sahun baya zai kasance. Haka za a bi sahu-sahu har bango.

Mu ɗauki ɗaki mai sahu 10. Sahun farko yana mita 6 daga allo, tsakanin sahu da sahu mita 1.2, gindin hoto kuma yana mita 1.5 daga daɓen gaba. In kujerun tsayayyu ne, rarar santimita 12 ta wadatar: sahu na biyu zai ɗara na farko da santimita 7 da 'yan kai, na biyar ya ɗara na huɗu da kusan 13, na goma ya ɗara na tara da 18. Jimilla daɓen sahun ƙarshe ya hau mita 1.2. A lura cewa hawan ba ɗaya ba ne, yana ƙaruwa ne yayin da ake ja da baya. Birkilan da ya zuba gangara miƙaƙƙiya kamar ta hawa gareji ya ba na gaba fiye da buƙatarsu, ya tauye na baya.

Yanzu a sa motsi. A ce kujerar tana hawa santimita 5 tana sauka 5 daga inda take hutawa. In akwai lokacin da na gaba yake sama na baya yake ƙasa, an cinye santimita 10 daga cikin 12 ɗin nan, saura 2. Dole ke nan rarar ta koma 22. Da wannan lamba, sahu na biyu zai hau santimita 19, na biyar 29, na goma 39, daɓen ƙarshe kuma ya kai mita 2.75. Ɗaki ɗaya, allo ɗaya, amma tudun ya ninka fiye da sau biyu. In kuma aka tuna cewa mutanenmu ba da tsiraicin kai suke shiga taro ba, akwai hula, akwai ɗaurin ɗankwali mai tsayi, aka ƙara santimita 8 saboda su, to sahun ƙarshe zai doshi mita 4. Mu ne za mu lissafa hularmu da ɗankwalinmu. Kuma duk santimitar da aka ƙara a daɓe sai an ƙara ta a rufi, saboda hasken majigi daga baya yake fitowa, dole ya wuce saman kan wanda ya miƙe tsaye a sahun ƙarshe.

Mai sayar da kujera zai ce ai duk tare suke motsi, in na gaba ya hau na baya ma ya hau, don haka ba abin da ya ragu. Maganarsa gaskiya ce a wuri ɗaya kawai: inda duk kujerun ke kunne, kuma gindinsu ya jeru ɗaya bayan ɗaya sak. Da zarar an ba mai kallo damar kashe tasa, lissafin ya canza, domin shi yana tsaye na gabansa yana hawa. Haka nan in injin kujera ɗaya ya lalace aka kulle ta a ƙasa. Matsala mafi ɓoyuwa kuma tana ga masu gindin mutum huɗu. Faɗin irin wannan benci ya kai mita 2.4, mai zama a gefe yana santimita 90 daga tsakiya. In bencin ya karkata da digiri 5, na gefe ɗaya ya hau kusan santimita 8, na ɗaya gefen ya sauka 8. Masu zane sun saba goce sahu da rabin kujera don na baya ya leƙa ta tsakanin kawunan mutum biyu, dabara ce mai kyau a tsayayyun kujeru. Amma in an goce bencin da yawa har ƙarshen hagu na wani ya faɗo a gaban ƙarshen dama na wani, sai ya zama wannan na sama wancan na ƙasa, tazarar ta kai santimita 16. Shawararmu ita ce a jera gindin benci a layi ɗaya daga gaba har baya, a nemi rarar gani daga tudun daɓe, kada a neme ta daga gociya.

Sahun gaba yana da tasa damuwar. Ƙungiyar injiniyoyin fim da talabijin ta SMPTE ta ba da shawarar kada kusurwar da ido zai ɗaga zuwa saman hoto ta wuce digiri 35, kuma faɗin allo ya cika aƙalla digiri 30 a idon na sahun ƙarshe. A ɗakinmu na misali, allo mai faɗin mita 9 da tsayin mita 3.8 ya cika sharuɗɗan biyu, amma da ƙyar. To in kujera ta rusuna gaba da digiri 7, na sahun farko sai ya tanƙwara wuya kamar mai duban digiri 42. Awa biyu a haka, gobe ba zai dawo ba. Ko dai a matsar da sahun farko baya, ko a bar sahu biyu na gaba ba motsi, ko a rage musu rusunawa a cikin na'urar da ke ba da umarni.

Matakala kuma: hawan santimita 39 ba taki ɗaya ba ne, sai an raba shi biyu ko uku, kuma ƙafa a cikin duhu tana tsammanin kowane taki daidai yake da na baya. Tunda lissafi yana ba kowane sahu lambarsa daban, abin da ake yi shi ne a tara sahu uku-uku a ba su lamba mafi girma a cikinsu, a sa fitila a bakin kowane taki.

Akwai wata hanyar da ake motsa masu kallo don gani kawai, ba don girgiza ba. A Katwijk ta ƙasar Holan, a 2010, an ɗora kujeru wajen 1,100 a kan faifai ɗaya mai juyawa a cikin tsohuwar rumfar jiragen sama, ana juya jama'a zuwa dandalin da wasa ya koma. An yi irinsa a Tokiyo a 2017 da kujeru kusan 1,300. Wasu ɗakunan taron kuma kowane sahu yana kan jak ɗinsa, a ɗaga shi ya zama tudu ranar wasa, a sauke ya zama fili ranar liyafa. Wannan na ƙarshen ya cancanci masu gidajen biki su dube shi, amma ba shi ne gabanmu yau ba.

Mu koma ga motsin kansa, domin nan ne ake yawan ɗauka cewa ƙarfi shi ne gwaninta. Yawancin kujerun silima motsi uku suke yi: hawa da sauka, rusunawa da jingina, sai karkata dama da hagu. Sanda uku masu miƙewa da tsukewa a ƙarƙashin gindi sun isa yin wannan. Mai sanda shida, wanda wani injiniya D. Stewart ya rubuta a kansa a 1965 kuma ake koyar da matuƙan jirgin sama da shi, ya fi tsada nesa ba kusa ba, silima ba ta buƙatarsa. Kujera ba ta zuwa ko'ina, 'yan santimita kawai gare ta, don haka yaudarar kunnen ciki take yi, wato gaɓar da ke gaya wa mutum yana tsaye ko yana tafiya. In mota ta zabura a allo, kujera za ta ba da ɗan bugu na farko da sauri, sannan ta jingina baya a hankali. Jinginar digiri 6 tana sa kashi ɗaya cikin goma na nauyin mutum ya danna bayansa a jikin kujera, sai ya ji kamar har yanzu motar na ƙara gudu. Daga nan kujerar ta sulale ta koma mazauninta ba tare da ya sani ba, don ta shirya wa bugu na gaba. Sirrin yana ga saurin: in jinginar ta wuce kusan digiri 3 a sakan ɗaya, jiki zai gane ana kwantar da shi ne, yaudarar ta tonu.

Akwai saurin motsi iri biyu da ya kamata mai tsara umarnin kujera ya ji tsoro. Na farko lilo mai nauyi, hawa da sauka sau ɗaya a cikin sakan 5 ko 6, irin na jirgin ruwa a teku. Shi ne ya fi kowane motsi tayar da zuciya, kuma mizanin ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 2631 ya ware daga sau 0.1 zuwa 0.5 a sakan a matsayin yankin jiri da amai. Na biyu kaɗawa sau 4 zuwa 8 a sakan, inda kayan ciki da ƙashin baya suke amsawa su ƙara girman girgizar. Ana iya taɓa waɗannan na ɗan lokaci don wani fage, ba a zama a cikinsu. Sai kuma haɗuwar lokaci. Fim hoto 24 yake nunawa a sakan, kowane hoto kusan kashi 42 cikin dubu na sakan. Umarnin kujera yana bin agogon na'urar da ke kunna fim ne, kuma in ya makara da hoto uku ko huɗu, ido ya ga karo jiki bai ji ba sai daga baya. Wannan saɓani tsakanin ido da kunnen ciki shi ne asalin jiri. Kafin a buɗe wa jama'a, a sa fage mai bugu ɗaya tak, a ɗauki allo da kujera tare da kyamarar waya mai rage gudun hoto, a ƙirga tazarar. Motsi kaɗan da ya zo a kan kari ya fi girgiza mai yawa da ta makara, kuma fagen hira a bar kujera ta huta.

Nauyi fa? Mutum huɗu a lissafa kowanne kilo 100, a ce benci da injinsa kilo 200, ya zama 600. In benci ya tura sama da rabin ƙarfin jan ƙasa, daɓe zai ji kilo 900. Ɗaki mai benci 25 tan 15 ne a zaune, amma ya wuce tan 22 lokacin da suka buga, kuma duk tare suke bugawa, ba wani da ke rage wa wani. A ƙasa a kan kankare mai rodi wannan ba komai ba ne. A saman bene, kamar yadda ake sa silima a manyan kantuna, sai injiniyan gini ya duba ko dakalin zai ɗauki kaɗawar ba tare da ya shiga amsa mata ba. Tudun katako ko na siririn ƙarfe da aka yi wa tsayayyun kujeru ba zai yi ba. Noti kuma kwancewa yake da girgiza, ko da an ɗaure shi tamau ranar farko. A sa mai kulle kansa, a ja layin fenti daga kan noti zuwa ƙarfen da yake kai, duk sati mai gyara ya bi da tocila, inda layin ya rabu biyu ya san ya juya.

Zaɓi tsakanin lantarki da iska ya danganta ga wanda zai kula da kayan. Mai lantarki, inji ne ke juya doguwar sanda mai zare, goro mai ƙwallaye a ciki yana hawa yana sauka. Motsinsa daidai yake, ƙararsa kaɗan. Maƙiyinsa ƙura: ta lokacin hunturu in ta haɗu da giris sai ta zama kamar garin dutsen wasa wuƙa, ta cinye zaren, kujera ta fara ƙara da sassarfa. A rufe sandar da rigar roba mai naɗewa, a duba yagewarta, a goge tsohon giris kafin a sa sabo. Mai iska kuwa yana buƙatar kwamfuresa a wani ɗaki daban saboda ƙara, matsin iska kusan 6 zuwa 8 a ma'aunin bar, da tanki, da na'urar busar da iska. Iskar da aka matsa tana zubar da ruwa, da damina abin ya fi yawa. In ba a tsiyaye tanki kullum ba, ruwan zai bi tiyo ya shiga bawul ya yi tsatsa, sai ka ga benci ɗaya yana makara ko ya maƙale a karkace. Benci mafi nisa daga tanki shi ne ke fara rasa ƙarfi, shi ya sa ake zagaya bututu ya zama zobe, ba layi mai ƙarewa a lungu ba.

Ɗaukewar wuta tambaya ce da ya wajaba a yi wa mai sayarwa a rubuce: in wuta ta yanke benci yana sama a karkace da mutum huɗu, me zai faru? Amsar da za a karɓa ita ce burki ya kama nan take, sannan benci ya sauka a hankali zuwa mazauninsa. Sakan 10 ko 15 da janareto ke ɗauka kafin ya karɓa sun isa kwamfutar kujeru ta manta inda take, don haka ita da na'urar kunna fim su zauna a kan batir mai riƙe wuta. In wuta ta dawo, kada kujera ta shiga neman mazauninta da kanta alhali mutane sun miƙe suna laluben hanya, sai ma'aikaci ya duba ya danna. Maɓallin tsayar da komai ya kasance a cikin ɗakin, a hannun wanda ke ganin jama'a.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne wurin matsewa. Duk inda ƙarfe mai motsi ke kusantar wanda ke tsaye, tarko ne. Mizanin ISO 13854 ya faɗi tazarar da za a bari: milimita 25 don yatsa, 100 don hannu, 120 don ƙafa. In ba za a iya bari ba, a rufe wurin ruf. A 2018 a Birmingham ta Ingila wani mutum ya rasu bayan matakin ƙafa na kujerar silima mai lantarki ya danne masa wuya lokacin da ya sunkuya neman abin da ya faɗi masa. Wannan kujerar kwanciya ce kawai, ba ta kai waɗannan ƙarfi ba. Mu kuma muna da ƙarin abin lura: babbar riga, mayafi, hijabi da bakin zane duk suna sauka har ƙasa. A zagaye gindin benci da labulen roba mai kauri wanda ba shi da bakin da zai kama tufa, matakin ƙafa ya zama yana tafiya tare da kujera, a bar aƙalla santimita 15 tsakanin kan da ya jingina da abin da ke bayansa, domin kai yana nisan fiye da mita ɗaya daga inda benci ke juyawa, jinginar digiri 7 tana kai shi santimita 13. A rubuta a bakin ƙofa da Hausa, a kuma faɗa da baki: ban da mai juna biyu, da mai ciwon baya ko wuya ko zuciya, da yaron da bai kai mita ɗaya ba, kuma ba a riƙe jariri a cinya. Walƙiyar fitila kada ta wuce sau 3 a sakan saboda masu farfaɗiya.

Feshin ruwa, in za a iya, a haƙura da shi a shekarar farko. Ruwan rijiyar burtsatse mai kanwa-kanwa yana toshe bakin feshi, ruwan da ya kwana a tiyo kuma tsakanin digiri 20 da 45 na zafi shi ne gidan ƙwayar cutar lejiyonela, wadda ta feshi take shiga huhu. In an nace, a sa tataccen ruwa, a zubar da na cikin tiyo kowace safiya, a ba kowane mai kallo maɓallin kashe nasa.

Ga wanda ya riga ya yanke shawara, gwajin da muke roƙon ya yi kafin a zuba kankare bai wuce kuɗin katako da zare ba. A kafa sahu uku na gwaji da akwatunan katako a tsayin da lissafi ya bayar, a zaunar da dogon mutum mai hula a gaba a kan ƙarin bulo na santimita 10, a zaunar da gajere a bayansa, a ja zare daga gefen idon gajeren zuwa alamar gindin allo. In zaren ya taɓa hular, a ƙara tudu a sake ja. A yi wannan a gaba, a tsakiya, da sahu biyu na ƙarshe, sannan a kira birkila.

Mun gode da filin da ka ba mu. Wassalam.

Naku,
Wasu injiniyoyin gini da na'ura